Ba Na Jin Magana a Bayan Mutum

Yayana ya haura shekara talatin yana sauraron rigimar gidajen mutane, kuma da ita yake ci yake sha. Miji da mata, uba da ɗa, 'yan'uwan da suka daina gaisawa, duk sai su hau bene su zauna a gabansa su zazzage masa abin da ke cikinsu, shi kuma ya yi ta ji. A jami'a ya karanto abin, ilimin halayyar ɗan Adam, har da takardar shaida a jikin bango. Ni ƙanwarsa ce, shagon ɗinki gare ni, kuma in aka tambaye ni sana'ar Yaya cewa nake kunnensa yake bayarwa haya. A unguwa Malam Sulhu ake ce masa. Ba ya son sunan. Wai shi ba ya sulhunta kowa, taimakon mutane yake su ji juna, in sun ji su zauna ko su rabu, wannan nasu ne. Kowa yakan ce to Malam Sulhu, mun gane.

Wanda ya san shi yanzu zai ce sharri nake masa, amma a ƙuruciya Yaya masifaffe ne na ƙin ƙarawa. Ya taɓa ɓalle ƙofar ɗakinsa da ƙafa don ya rasa makulli, makullin kuwa yana aljihun wandonsa. Mahaifiyarmu takan ce shi da zuciyarsa a wuya aka haife shi. Ranar da ya ce zai karanci yadda ake kwantar wa mutane da hankali, har babanmu da ba ya dariya sai da ya murmusa, ya ce to, an ba kura ajiyar nama.

Karatun bai canja shi ba. Ya gama, ya kama aiki, ya yi aure, yana nan da halinsa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, malamar makaranta ce mai sanyin magana, kuma ta sha tsawa a shekarun farko. Aikin ne ya lanƙwasa shi. Da bakinsa ya gaya mini, bayan an daɗe. Wata rana wani magidanci ya zo da matarsa, ya yi ta ɗaga murya yana lissafa laifinta, ita kuwa tana zaune tana murɗa bakin mayafinta, ta warware, ta sake murɗawa. Yaya ya ji haushin mutumin sosai. Da ya koma gida ya tarar an taɓa masa takardu, ya fara faɗa, sai idonsa ya sauka kan hannun matarsa. Tsumman goge tebur ne a hannunta, tana murɗawa tana warwarewa. Ya ce maganar da ke bakinsa a nan ta mutu. Bai zama waliyyi a ranar ba, amma daga lokacin in faɗa ya taso masa sai ya ga fuskar wancan magidancin, ya ji kunya.

Haka mutanen nan suka yi ta gyara shi ba su sani ba. Wani saurayi da ubansa suka zo suna zaune kamar baƙin juna, Yaya ya sha wahala kafin ya sa uban ya furta cewa tsoro yake ji kada yaron ya lalace. A makon ya je ya zauna da babanmu, wanda ba su taɓa hirar kirki ba, suka wuni. Wata mata ta ce ita ba kuɗi take so ba, so take in ta shigo ɗaki mijin ya ɗaga kai. Matar Yaya ta ce mini ita dai ta ga ya fara ajiye jarida in tana magana, ba ta san wadda za ta gode wa ba.

Akwai kuma wadda ta koya masa da zafi. Yana sabon hannu wata mata ta zo ita kaɗai, ta yi kuka, ta ba shi labarin mijinta. Ya gaskata ta gaba ɗaya. Da mijin ya zo, Yaya ya riga ya yanke masa hukunci a zuci, kuma mutum yana gane hakan a fuska. Mijin ya tashi ya fita bai dawo ba, auren ya mutu, daga baya aka gane labarin rabi ne. Abin ya daɗe yana cin Yaya. Daga nan ya kafa wa kansa doka: ba ya jin maganar miji ko mata sai ɗayan yana zaune. Abokan aikinsa sun sha gaya masa akwai maganar da ba ta fita sai a kaɗaice. Yakan ce gaskiya ne, ya ci gaba da yadda ya saba.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman bene, ƙasansa mai gyaran waya ne da mai kwafin takardu. Akwai fanka mai kuka, akwai kwalin tishu a kan ɗan tebur, agogon bango kuwa a bayan kan masu zuwa ya rataye shi, don ya ga lokaci ba tare da ya duba hannu ba. Tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci, kuma tun daga nan yake fara aiki. Yana ganin wa ya riga wa fitowa, wa ya jira, wa ya yi gaba ya bar ɗaya yana rufe mota. Kafin su gama hawa benen ya san rabin ciwonsu. Ido gare shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Amma aikin da ya ba shi haƙuri shi ya tsotse shi. Yakan dawo gida da yamma ya ajiye mota ya zauna a ciki, hannu a kan sitiyari, sai matarsa ta leƙo ta ce ya bar mutanen a mota ya shigo shi kaɗai. Ya yi furfura da wuri. Biki ba ya son zuwa, don kafin ya zauna wani ya ja shi gefe da "Malam, wata 'yar magana ce." Maganarsa ma ta koma ta ofis. Ka ce masa tayarka ta fashe, sai ya dube ka a natse ya ce ya ji, yaya abin ya yi maka a rai. Na taɓa kai masa ƙarar wata maƙwabciyata da ta zuba mini ruwan wanki a ƙofar shago, ya ce ita kuma a ganina me ya sa ta yi hakan. Na ce Yaya, zagi na zo ka taya ni, ba bincike ba. Lokacin matarsa tana raye ita ke tsaya masa, ta ce a nan gidan miji take aure ba ma'aikaci ba. Da ta rasu babu mai faɗa masa, ni kuwa in na faɗa sai ya ce ya ji ni.

'Ya'yansa uku, maza biyu suna can wasu garuruwan da aikinsu, sai Auta. Ita ce 'yar lelensa, kuma ita ta gado zafinsa na dā, ba ta iya ɓoye fushi ko na minti ɗaya. Ta auri wani injiniya, yaro mai tsafta da ladabi, mai durƙusawa har ƙasa in zai gaishe ka, muryarsa ba ta taɓa wuce ƙofar ɗaki ba. Kowa ya ce Auta ta dace, wuta ta samu ruwa. Har ni na faɗa.

Abin da ya faru a gidan Yaya ba a gabana aka yi ba. Daga bakin Auta na ji, daga baya shi ma ya cike mini sauran, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Ranar hutu ce, da rana, yana falo yana gyangyaɗi a kujera. Ta shigo ba jaka ba komai, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa yadda take yi tana yarinya. Ta ce, "Baba, Injiniya..." Muryarta ta karye. Kafin ta haɗa kalma ta gaba ya ɗaga mata tafin hannu, irin ɗagawar da yake wa masu katse juna a ofis.

"Dakata, Auta. Ba na jin magana a bayan mutum. Bari in kira shi, ki faɗa yana zaune."

Ya kuwa kira shi. Injiniya ya zo ba ɓata lokaci, yana ƙamshi, ya durƙusa ya gaishe da surukinsa. Yaya ya ce wa Auta ta tashi daga ƙasa ta hau kujera, ya zauna a tsakiyarsu, ya ba mijin dama ya fara. Yaron ya yi magana tsaf. Ya ce shi bai san abin da ya yi mata ba, ita ce mai saurin fushi, shi kuma in ya ga ta hau sai ya yi shiru don kada ya faɗi abin da zai yi nadama. Ya ce yana ƙoƙari, aiki ne ya yi masa yawa. Auta ta ce ƙarya yake. Ubanta ya ce ta bari ya gama, za a zo kanta. Da aka zo kanta ta ce ba ta da abin faɗa. Yaya ya yi musu nasiha mai kyau, irin wadda mutane ke biya su ji: tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, su ware lokaci kullum su zauna su yi magana, shi ya rage shiru, ita ta rage zafi. Ya raka su har mota. A mahaɗar titi ta ce a sauke ta, ta tari tasi ta zo shagona.

Ina kan keke ina ɗinkin wuyan riga ta shigo. Abin da na fara gani filasta ce a bayan hannunta, irin wadda ake mannawa in an cire ƙarin ruwa. Na kashe keken, na sallami mai jiran kaya, na ja ƙofa.

Ciki ne da ita, ƙarami, ba ta kai ga gaya wa kowa ba. Injiniya kuwa ashe gaba ce makaminsa. Abu kaɗan zai sa ya ɗauke mata magana makonni, suna gida ɗaya, in yana son wani abu sai ya turo mata saƙo a waya daga ɗaya ɗakin. In an yi baƙi ya kira ta da sunaye masu daɗi, baƙi na fita ya rufe baki. Suna cikin irin wannan gabar ta tashi da safe ta ga jini. Ta gaya masa. Ya kai ta ƙofar asibiti, ko injin motar bai kashe ba, ya ce yana da taro. Ita kaɗai ta shiga, ita kaɗai ta ji an ce cikin ya zube, ita kaɗai ta kwana. Da aka sallame ta ba ta nufi ko'ina ba sai gidan ubanta.

Zuciya ta kawo mini wuya. Na ɗauki mayafi zan tafi gidan Yaya a lokacin, ta riƙe ni, ta ce in na gaya masa ba ni ba ita. Ta ce ta kai masa da ƙafarta ya ce a jira, to ya jira. Ta ce, "Gwaggo, da ma Baba ya yi mini tsawa ya fi. Kallona ya yi kamar wadda ta zo da kati."

Ta zauna a gidana. Ina saman bene ni ma, ɗaki biyu da falo, na ba ta ɗakin da nake tara yadi. Ba ta kuka a gabana, sai dai ta wanke abin da yake a wanke, ta share inda aka share. Yaya yakan zo da yamma bayan ya tashi aiki, ya hau benen yana dafa gwiwa, ya zauna a falo. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta koma ɗaki ta tura ƙofa. Ya zauna ya sha ruwan, ya ce mini lokaci take buƙata, kada a matsa mata. Ni kuwa ina kallonsa ina haɗiye magana. Ina gani yarinyar tana nisa da shi kullum, gaisuwar tana ƙara gajarta. Uwa ba ta da ita, yayye suna nesa, uban da ya rage kuma tana shirin mayar da shi mutumin da ake gaisarwa kawai. Shi bai ma san me ya yi ba.

Na riƙe alkawarin iya ƙarfina, ƙarfin nawa kuwa ba shi da yawa. Ranar da ya ce mini yana tunanin sake haɗa su zama na biyu, na kwana da abin, da safe na rufe shago na tafi ofishinsa. Na tarar da wasu ma'aurata a bencin waje, kowa ya juya wa ɗaya ƙeya. Na wuce su na shiga na rufe ƙofa.

Ban yi masa da sauƙi ba. Na ce wanzami dai ba ya son jarfa, amma ban taɓa ganin wanzamin da ya aske 'yarsa da busasshiyar aska ba sai shi. Na ce 'yarka ta fito daga gadon asibiti ta zo ta zauna a ƙafarka, ka kira mata wanda ya yar da ita a ƙofar asibitin ya zo ya yi bayani. Na faɗa masa komai, cikin da gabar da injin motar da ba a kashe ba. Na ce kai da kake gane ciwon mutane tun daga taga, filasta a hannun 'yarka ba ka gani ba.

Ya jingina da bayan kujera. Fankar tana ta kukanta. Na zaci zai ce ya ji ni, kuma na shirya jifansa da kwalin tishun nan in ya faɗa.

"Na gan ta," ya ce. "Hannun hagu. Na ce a raina in mun gama zan tambaye ta."

Wannan ta fi ƙona mini rai, na buɗe baki zan ci gaba, sai ya riga ni. Ya ce tun da ta ambaci sunan yaron muryarta ta karye, ya ji wani abu ya taso masa daga ciki wanda ya ɗauka ya mutu tuntuni. Ya ji zai iya tashi ya je ya shaƙe yaron bai ma san laifinsa ba. Abin ya tsorata shi. Ya ce a ransa, ga shi nan, zai sake yanke wa mutum hukunci da rabin labari, kuma wannan karon don 'yarsa ce. Sai ya ɗaga hannu.

"Ba ita na tsayar ba," ya ce. "Kaina na tsayar. Ita ce ta biya."

Ya ce duk zaman da aka yi yana karkata wajen yaron da gangan, don kada son kai ya rinjaye shi. Ya san sarai mai sanyin murya ba kullum ne mai gaskiya ba, ya sha faɗa wa ƙananan ma'aikata haka. Ya san mai ihu sau da yawa shi ne wanda aka daɗe ba a ji ba. Duk ya sani. Ya ce shekara da shekaru yana zaton aikin nan ya kashe masa fushi, ashe murfi kawai ya koya masa ɗorawa, har ya kai ba ya bambanta fushin da ya kamata a danne da wanda yaro ke bukata ya gani a fuskar ubansa.

Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni. Ya tashi ya wanke fuska a ɗan famfon da ke lungu, ya goge, ya dubi agogo. Ya ce in tambayar masa Auta abu ɗaya, ko tana son komawa gidan. Sannan ya buɗe ƙofa ya ce wa masu jiran benci su shigo, ya ba su haƙurin jira.

Auta ta gane na faɗa tun kafin in zauna. Ta yi fushi, ta wuni ba ta kula ni ba, na ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, na ɗauka. Amsar tambayar kuwa ba ta yi jinkiri ba. Ta ce ba za ta koma ba. A daren na kira Yaya na faɗa masa.

Washegari da hantsi Yaya ya zo ya ɗauke ni, da kwalaye a bayan mota da ya karɓo wajen mai kwafin takardu. Ya soke duk masu zuwa na ranar, abin da bai yi ba ko lokacin da gwiwarsa ta kumbura. Injiniya ya buɗe mana ƙofa, ya durƙusa. Yaya ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya ce kayan Auta muka zo kwasa, a nuna masa ɗakin.

Gidan tsaf yake, ko cokali ba a bari a tebur ba. Muka shiga ɗaki, ni ina sauke kaya daga sif, shi yana buɗe durowa. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya fara magana da wannan muryar tasa. Ya ce Baba ya daure ya ji nasa ɓangaren, akwai abubuwan da ba a faɗa masa ba.

"Ban zo jin naka ba."

Yaron ya yi ɗan murmushi. Ya ce ai Baba da kansa yake cewa ba a hukunci sai an ji ɓangare biyu.

"A ofis ke nan. Nan uban yarinya ne ya zo kwasar kaya. Matsa mini daga hanya."

Ni na zaci tsohon Yaya zai dawo, mai ɓalle ƙofa, har na gyara tsayuwa don in ga yadda za a yi. Bai dawo ba. Muryar ko tashi ba ta yi ba, sai dai ta yi kauri, kuma bai sake kallon yaron ba. Ya ɗauki riga zai ninke ta kasa ninkuwa a hannunsa, na karɓa. Injiniya ya tsaya da sauran maganarsa a baki, can ya juya ya koma falo. A iya sanina wannan ne karo na farko tun da Yaya ya fara aiki da ya bar mutum da magana bai ji ba.

A durowar ƙasa ya ci karo da wata 'yar jaka ta yadi. Ya zuge ta ya leƙa, ni ma na leƙa. Kayan jarirai ne, 'yan riguna da hula da safa ƙanana, ko takardar kanti ba a cire musu ba. Ya zuge jakar a hankali. Bai sa ta a kwali ba, ya riƙe ta a hammata muka gama kwasa, ya sa ta can ƙuryar but ɗin mota.

A hanya, da muka kusa gidana, ya dube ni. Ya ce yaron yana da nasa ɓangaren, kowa yana da shi, wanda ya iya gaba haka a wani gida ya koyo ta. Ya ce akwai wani abokin aikinsa da ya iya da irinsu, zai tura masa lambarsa. Na ce Yaya, don Allah ka bar ni in ji daɗin abin da ka yi ko na rabin sa'a ne. Ya ce to.

Shi ya hau da kwalayen benena, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi bari a kira masu taya shi. Yana hawa yana hutawa, rigarsa ta jiƙe. Auta tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallo, ba ta ce ya bari ba, ba ta kuma kama masa ba. Da ya ajiye na ƙarshe ya zauna a kujera yana mayar da numfashi. Ta kawo ruwa. Wannan karon ba ta koma ɗaki ba, ta tsaya jikin bango.

Ya sha ruwan ya ajiye kofi. Ya ce mata ya yi kuskure, kuskuren da bai da abin kare kansa a kai, kuma ba ya neman ta ce komai game da shi. Sannan ya ce, "In kina so ki faɗa, Auta, ina ji. Ni kaɗai."

"Na riga na faɗa wa Gwaggo, Baba. Ba na iya maimaitawa."

Ya gyaɗa kai. Na san ba yau kaɗai take nufi ba, shi ma ya sani. Mutumin da rabin gari ya juye wa sirrinsa, wannan ɗayar da aka kawo masa har ƙafarsa ta wuce shi, sai dai ya ji ta a bakin wani. Bai roƙa ba, bai ce lokaci zai yi ba. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce bari ya tafi.

Ya kai bakin ƙofa ta yi magana, idonta a kan kwalayen.

"Akwai wata 'yar jaka a durowar ƙasa."

"Tana mota. Ban san ko kina son ganinta ba."

Ta girgiza kai.

"Ka ajiye mini a wurinka. Ba na iya ganinta, kuma ba na so a yar."

"To," ya ce.

Ya sauka benen yana dafa bango. Na leƙa ta taga na gan shi ya buɗe but, ya ɗauko jakar da hannu biyu, ya zagaya ya ajiye ta a kujerar gaba. Auta ta zo ta tsaya a gefena, muna kallo har motar ta sha kwana.